Ɗakin faya-fayan tsohon gidan rediyo

Jiya na leƙa gidan rediyon kiɗan da na taso ina ji tun ina yaro. Wani dattijo da ya tsufa a aikin ya buɗe mini ɗakin ajiyarsu, wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Ashe tarihin tashar duk yana jibge a kan kantoci! Can ƙasa faya-fayan garmaho ne, masu juyi 78 a minti ɗaya, kowane gefe bai wuce waƙar minti uku ko huɗu ba. Shi ya sa mai gabatarwa a da ba ya samun zama, yana ajiye wannan yana ɗora wancan. Daga sama kuma kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, sai faifan CD na 1982 zuwa gaba. Yanzu duk an zuba su cikin kwamfuta ɗaya.

Ya ce da matsakaicin zango suka fara, kafin su koma FM, inda shuuu ɗin nan ya ragu. Ni dai har yau shi nake kewa.

Na roƙe shi ya ɗora mini faifai ɗaya. Allurar ta karye tuni.