Wasiƙa daga Seoul: fim ɗin da ya sayar da tikiti miliyan 17

Assalamu alaikum 'yan'uwa, da fatan kowa lafiya. Tambayoyinku sun taru a wayata: sanyi, abincin halal, takardun zama, sai wadda ta fi yawa, wai su Koriyawa suna kallon finafinan sarakunan nan da muke bi a gida kuwa? Zan taɓo sauran, amma bari in fara da ita.

Suna kallo, kuma kuɗi suke biya. A ranar 30 ga Yulin 2014 aka saki fim ɗin Myeongnyang, wanda Kim Han-min ya ba da umarni, Choi Min-sik ya fito a matsayin Yi Sun-sin, kwamandan sojan ruwa na Joseon, tsohuwar daular Koriya. Cikin kwana 12 ya sayar da tikiti miliyan 10, ya tsaya a miliyan 17.6, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 52 ba. Ya ture fim ɗin Avatar daga kan gaba a Koriya, aka shekara fiye da goma ba wanda ya kamo shi.

Labarin kowane ɗan firamare a nan ya san shi. A 1597 sarki ya ɗaure Yi bisa sharrin fadawa, aka azabtar da shi, wanda ya gaje shi ya je ya hallaka rundunar a hannun Japanawa. Da aka dawo da shi, sarki ya ce a rushe sojan ruwa, shi kuwa ya amsa cewa har yanzu yana da jirage 12. Aka sami ƙarin ɗaya, da jirage 13 ya tari na Japanawa fiye da 130 a wata matsatsiyar mashiga kusa da tsibirin Jindo, inda igiyar ruwa ke juyawa da ƙarfi, ya kore su. Mutum-mutuminsa yana tsaye a dandalin Gwanghwamun na Seoul da takobi a hannu, fuskarsa kuma tana kan kwandalar won 100 da ake ba ni canji a kanti.

Akwai kuma ciwon da fim ɗin ya tarar. Watanni uku kafin fitarsa jirgin fasinja mai suna Sewol ya nutse a ruwan Jindo ɗin nan, mutum 304 suka mutu, akasarinsu 'yan makaranta, matuƙin ya tsere ya bar su a ciki. Mutane suka shiga sinima suka ga shugaban da ya sa jirginsa a sahun gaba. Har yau idan na tuna wannan jikina yakan yi sanyi.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ƙidaya. Duk tikitin da aka yanka yana shiga kwamfutar hukumar finafinai ta ƙasa, washegari kowa ya duba ya ga adadin. Mai zuba jari ya san abin da ya shigo, ba a faɗa masa da baki. Na so a ce masu shirya fim a Kano suna da irin wannan, domin wanda zai kashe dukiyarsa a kan dawaki da sulke don labarin Sarauniya Amina, ko faɗuwar Kano a 1903, dole ya ga ta inda kuɗinsa zai dawo. Amma a lura, an yi ƙorafi a nan ma: kamfanin CJ da ya rarraba fim ɗin shi ke da gidajen sinima na CGV, fim ɗin ya mamaye ɗakunan kallo fiye da 1,500, ƙananan finafinai suka rasa wuri. Wannan ɓangaren kada mu kwaikwaya.

Abincin halal ana samu a unguwar Itaewon, kusa da babban masallaci. Sanyi kuwa, mai zuwa a Janairu ya sayi rigarsa a nan, ta gida ba za ta yi ba. Maganar takardu sai wasiƙa ta gaba, tana da tsawo. A gaida mutanen gida.