Juma'a tara a garejin Kawu: wane zamani ne ya fi a Formula 1?

Gardamar ta faro ne daga wata magana da na yi a garejin Kawu a nan Garwa, ana tsakiyar zafin watan Afrilu. Na ce tun da aka fara gasar tseren motoci ta Formula 1 a 1950 ba a taɓa yin direba kamar Lewis Hamilton ba: kambu bakwai, nasara sama da ɗari. Kawu yana kwance ƙarƙashin wata tsohuwar Hilux, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Bai ko fito ba ya ce, “Yaro, wanda bai ga Prost da Senna ba, bai ga tsere ba.” Abokina direban tirela, wanda ke jigila tsakanin Ngaundere da Injamena, yana zaune kan benci ana yi masa facin taya. Ya ce mu duka mun ɓata hanya, zamanin Schumacher da jar Ferrari shi ne zamani, sauran duk rakiya suka zo.

Mun fi wata muna wannan ja-in-ja, kowane tsuntsu yana kukan gidansu. Daga baya na kawo shawara cewa kowa ya zaɓi tsere uku daga zamanin da yake so, mu kalla tare daga tashi har tuta, ba tsallakewa, ba gudun da bidiyo. Kowace Juma'a bayan sallar isha'i, idan abokin namu yana gari. Ni na ɗauki nauyin sauko da bidiyoyin daga intanet cikin dare, Kawu ya ɗauki nauyin shayi. Muna ɗora kwamfutata kan wata tsohuwar durom ta bakin mai, mu jawo benci. Na kuma sayi ƙaramin littafi ina rubuta abin da na gani, don kada a wayi gari kowa ya ce ba haka aka yi ba.

Kawu ne babba, da nasa muka fara. Yadda ya san wannan wasa ma labari ne. A shekarun 1980 akwai wani Bafaranshe da ke aiki a kamfanin auduga, yana kawo masa Peugeot 504 gyara, shi ne yake ba shi aron kaset ɗin bidiyo da ake aiko masa daga gida. Kafin kaset ya iso, Kawu ya riga ya ji sakamako a rediyo tun makonni. Don haka shi bai taɓa kallon tsere don ya san wanda zai ci ba. Yana kallo ne don ya ga yadda aka ci, kuma har yau haka idonsa yake.

Na farko da ya zaɓa shi ne na Adelaide a Ostireliya, 1986, tseren ƙarshe na shekara, mutum uku na neman kambu: Mansell, Piquet da Prost. Mansell na buƙatar ya ƙare na uku kawai, kuma yana na ukun, sai tayarsa ta baya ta fashe yana tsakiyar miƙaƙƙiyar hanya da cikakken gudu, tartsatsi na tashi, yana kokawa da sitiyari har ya tsayar da motar. Aka kira Piquet ya canza taya don gudun irin haka, Prost ya wuce ya ci, alhali na'urar da ke motarsa tana nuna masa man ba zai kai shi ba. Kawu ya tsayar da bidiyon ya ce in dubi hannun direba. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a giya, ƙafa tana wasa tsakanin kuloci da birki da totur. Sai a 1989 Ferrari ta kawo canza giya da yatsu a bayan sitiyari. “Kowace kwana mutum na iya kuskuren giya ya fasa injin,” in ji shi. “Kuma motar tana iya mutuwa a hannunsa ko bai yi laifin komai ba. Har zagayen ƙarshe ba ka da tabbas.” Wannan na yarda da shi nan take, don a zamanin da na taso mota ba ta cika lalacewa ba, wanda ke gaba a rabin tsere galibi shi ke kai wa ƙarshe.

Na biyu kuwa, na Monako 1988, a nan na fara gane abin da ban zata ba. Na sha ganin gutsuren wannan tsere a waya: Senna ya fi Prost da kusan daƙiƙa ɗaya da rabi a gwajin neman layin gaba, a mota iri ɗaya, sannan ranar tsere yana gaba da rata mai yawa sai ya daki shinge saura zagaye kaɗan, Prost ya ci. A gutsure abin kamar wuta. Amma da muka zauna muka kalle shi cikakke, fiye da sa'a guda ba abin da ya motsa. Senna shi kaɗai can gaba, Prost maƙale a bayan Berger ya rasa ta inda zai wuce. Abokina har gyangyaɗi ya yi. Kawu kansa ya sosa ƙeya ya ce, “Ban tuna ya yi tsawo haka ba.” Na rubuta wannan maganar a littafina. Abin da mutum ke riƙewa daga tsohon zamani minti biyar ne masu zafi, sauran minti tamanin ƙwaƙwalwa ta zubar da su. Mu kuma na yanzu muna kallonsa cikakke kowane mako, da daɗinsa da gajiyarsa, sai mu kwatanta cikakken yau da tataccen jiya.

Na ukunsa Suzuka ne a Japan, 1988, inda motar Senna ta mutu a wurin tashi, ya koma na goma sha huɗu, ya biyo su ɗaya bayan ɗaya har ya wuce Prost ya ɗauki kambunsa na farko. Wannan kam ba mai gyangyaɗi.

Na abokina sun zo da wani salo dabam. Abu na farko ƙara ce. Injin V10, mai silinda goma, na farkon shekarun 2000 yana juyi kusan sau 19,000 a minti, ko ta ƙaramar sifikar kwamfuta sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Har masu acaba da ke jiran fasinja a bakin titi sai da suka leƙo. Ya nuna mana Sifen 1996, nasarar Schumacher ta farko a Ferrari cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kuma ba wanda ya yi musun cewa ranar gwani ne ya tuƙa. Amma sauran biyun, Hangari 1998 da Faransa 2004, duk a wurin shan mai aka ci su. Daga 1994 zuwa 2009 ana ƙara wa mota fetur a tsakiyar tsere, don haka dabara ta koma lissafi: ka ɗauki mai kaɗan, mota ta yi sauƙi, ka yi gudu kamar ba gobe, ka tsaya sau da yawa. A Hangari Ross Brawn, mai tsara dabarun Ferrari, ya sauya wa Schumacher tsari zuwa tsayawa uku, a Faransa har sau huɗu ya tsaya ya doke Alonso. Abokina, wanda rayuwarsa duk lissafin gas ne da nauyin kaya da awannin hanya, wannan shi ne daɗin abin a wurinsa, yana bin lambobin da yatsa. Ni kuwa na lura cewa da wuya ka ga na farko ya wuce na biyu a kan titi, ido da ido. Na tuna masa da Ostiriya 2002, inda aka umarci Barrichello, abokin tuƙin Schumacher a Ferrari, ya sassauta a bakin layin ƙarshe ya bar Schumacher ya ci, jama'a suka yi ta ihun ƙin amincewa. Ya yi shiru, can ya ce shi ma ranar bai ji daɗi ba.

Da aka zo kaina na kawo Brazil 2008, inda Hamilton ya wuce Glock a kwanar ƙarshe ya karɓe kambu daga hannun Massa da maki ɗaya, iyalan Massa sun riga sun fara murna. Na kawo Bahrain 2014, shi da Rosberg suna musayar gaba kamar 'yan dambe, da Turkiyya 2020, inda ya tashi daga na shida a kan titi mai santsi ya ci ya kamo Schumacher a kambu bakwai. Kawu bai ɓoye abin da ya dame shi ba. Ya ce injin ba shi da murya, ya ce injiniya na faɗa wa direba komai ta rediyo, ya ce wannan fiffiken baya da aka fara buɗewa a 2011 don a wuce na gaba ya sa wucewa ta yi araha. Ban iya musanta ko ɗaya ba. Amma da na gaya masa cewa injin da aka fara amfani da shi a 2014 lita 1.6 ne kacal, daidai da na ƙaramar motar haya, yana tattara zafin hayaƙi da ƙarfin birki ya mai da su lantarki, har ya kai ga fiye da rabin ƙarfin fetur yana zama aiki, alhali motocin da yake gyarawa kusan kashi biyu cikin uku a zafi yake tafiya, sai bakaniken da ke cikinsa ya farka. Ya sa na nemo masa zanen injin, ya daɗe yana dubawa da tabarau. Ya ce wanda ya ƙera wannan ya cancanci a cire masa hula, ko da kunne bai ji daɗinsa ba.

Hujjar da na shigo da ita ta nasara sama da ɗari ita ce ta fara rushewa a hannuna. A 1988 tsere 16 ake yi a shekara, a 2024 an yi 24. Wanda ya ci a da maki 9 yake samu, daga 1991 ya koma 10, daga 2010 ya zama 25. Fangio, zakaran shekarun 1950, nasara 24 kawai ya yi, amma cikin tsere hamsin da 'yan kai, ya kuma ɗauki kambu biyar da kamfanoni huɗu. Abin da ya fi girgiza ni shi ne 1988 ɗin kanta: in an haɗa dukkan maki Prost na da 105, Senna 94, amma dokar lokacin sakamako 11 mafi kyau kaɗai take ƙirgawa, sai Senna ya tashi da 90, Prost 87. Kawu, wanda ɗan Prost ne na gani-kashe-ni, ya shekara talatin da wani abu yana riƙe da wannan a zuci. Haka kuma zargin da muke yi wa juna na cewa zamaninka mota ɗaya ce ke ci, kowa ya same shi a gidansa: McLaren ta ci 15 cikin 16 a 1988, Schumacher ya ci 13 cikin 18 a 2004, Mercedes ta ci 19 cikin 21 a 2016, Verstappen ya ci 19 cikin 22 a 2023.

Akwai dare ɗaya da hirar ta yi nauyi. Abokina ya ce abin da ya sa mutanen da suka fi jarumta shi ne mutuwa na zaune kusa da su, yanzu kuwa an lulluɓe direba kamar ƙwai. Kawu ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce ranar 1 ga Mayu 1994 yana nan cikin garejin ya ji a rediyo cewa Senna ya daki bango a filin Imola na Italiya ya rasu, kuma kwana ɗaya kafin nan Roland Ratzenberger ya rasu a fili ɗaya, wanda mutane da yawa ba sa ko tuna sunansa. Ya ce duk da bai taɓa goyon bayan Senna ba, ranar bai iya cin tuwo ba. Sannan ya dubi abokina ya ce, “Kai da kake sauka gangaren Ngaundere da kaya, sau nawa na je na jawo motar da mai ita bai koma gida ba? Kada ka ƙara kiran wannan ado.” Na nuna musu hatsarin Grosjean a Bahrain 2020: mota ta ratsa shingen ƙarfe, ta rabe biyu, wuta ta tashi, mutum ya fito da ƙafarsa bayan kusan rabin minti da ƙuna a hannu. Ƙarfen nan da aka ɗora saman kan direba a 2018, wanda ni kaina na ce ya ɓata kyan mota, shi ya kare masa kai. An kawo shi ne bayan rasuwar Jules Bianchi a 2015 da wasu haɗurran, ana ta suka. Kawu ya ce a maimaita, aka maimaita, ya ce alhamdu lillahi. Abokina ya janye maganarsa, kuma na girmama shi a kan haka.

Da Juma'a tara suka cika na buɗe littafina, sai na ga abin da nake yawan ja wa layi ba sunan direba ba ne, lokutan da ban san wanda zai ci ba ne. Da na bi wannan ma'auni sai ya kai ni wani zamanin da ba wanda ya zaɓa cikinmu, daga 2006 zuwa 2012, ko da yake Brazil 2008 da na kawo na ciki. Shekara biyar a jere zakara biyar dabam: Alonso, Räikkönen, Hamilton, Button, Vettel. A 2007 Räikkönen ya ci da maki 110, Hamilton da Alonso na da 109 kowanne. A 2010 mutum huɗu suka shiga tseren ƙarshe a Abu Dhabi da damar kambu. A 2012 tsere bakwai na farko mutum bakwai suka ci. Injin V8 na da murya, kuma ba direban da ya rasa ransa a tsere. Nan na tsaya yanzu, duk da Hamilton na nan a zuciyata. Abokina na nan kan V10 ɗinsa. Kawu bai motsa daga Prost ko taku ɗaya ba, sai dai ya daina cewa na yanzu ba tsere ba ne.

Juma'a ta goma ba ta cikin yarjejeniya, amma muka taru. Kawu ya fito da wani kaset da ya yi ƙura, an rubuta Kyalami 1993 a jikinsa da biro. Fili ne a Afirka ta Kudu, kuma shi ne karo na ƙarshe da aka yi tseren a Afirka, Prost ya ci, Senna na biyu. Na'urar kunna kaset ta mutu tun tuni, sai na nemo masa a intanet. Motoci suka jeru, fitila ta kunnu, ya matso da bencinsa ya ce, “Ƙara sautin, yaro.”