Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Zazzaɓin da Na Ɗauko a Garke

A makon jiya na tsaya a inda na cika wata huɗu ina aiki a gonar kiwon shanu. Zuwa lokacin, dattijon da ke koya mini aiki ya gama horar da ni a kan haɗarin da ido ke gani. Ya nuna mini cewa saniya ba ta ganin wanda ya tsaya daidai bayanta, saboda haka sai na yi mata magana kafin in matso, kuma ya hana ni shiga tsakanin saniya da sabon maraƙinta, ko tsayawa tsakanin bijimi da bango inda babu hanyar kuɓuta. Duk na kiyaye, domin ƙaho da kofato ba sai an koya wa mutum tsoronsu ba.

Wani dare wata karsana mai cikin wata bakwai ta yi ɓari, mabiyiya kuma ta ƙi faɗowa gaba ɗaya. Dogayen safar hannu masu kaiwa kafaɗa sun ƙare tun makonni, ba a sayo wasu ba, ni kuwa tausayin dabbar ya hana ni jira. Na kwashe ɗan tayin da hannuna, na janye abin da ya rataya, alhali akwai yankan waya a tafina wanda bai gama warkewa ba. Da safe dattijon ya ji labari ya ce, "Yaro, da hannunka tsirara ka taɓa wannan?" Na ce, "Baba, ai na wanke da ruwa." Ya daɗe yana kallona, sannan ya sa aka haƙa rami mai zurfi aka binne komai.

Bayan kamar mako uku zazzaɓi ya kama ni, irin wanda ke tashi da yamma, ya jiƙa ni da gumi cikin dare, da safe ya lafa har in ɗauka na warke. Gaɓoɓina da ƙuguna suka riƙa ciwo, na rame, na sha maganin zazzaɓin cizon sauro sau biyu a banza. Sai da wata likita ta tambaye ni sana'ata, tambayar da ba wanda ya yi mini kafin ita, sannan aka gwada jinina aka gano burusela ce, wadda makiyaya ke kira bakkale. Ta bayyana mini cewa ƙwayar cutar, wadda likitan sojan Birtaniya David Bruce ya gano a tsibirin Malta a 1887, tana cika ruwan haihuwa da mabiyiyar dabbar da ta kamu, tana shiga jiki ta rauni ko ido ko numfashi, ko ta madarar da ba a tafasa ba. Mako shida na yi ina shan magunguna iri biyu, tare da gargaɗin cewa yanke su kan dawo da cutar.

Har yau abin da ke ci mini rai shi ne, safar da za ta kare ni ba ta kai kuɗin maganin kwana ɗaya ba, kuma mu shida ne ke karɓar haihuwa a garken nan ba tare da an taɓa faɗa mana sunan cutar ba. Ranar da na koma aiki, kafin in shiga wajen shanu, na wuce ofishin mai gonar da takardar gwajin a hannuna. Yadda muka kwashe da shi zai zo a mako mai zuwa.