Mamman biyu a fadar Kawu

Kuran ya ɗauke tun hantsi, aikin kwafi ya tsaya cik, takardun 'yan lakwal jibge bisa tebur. Da la'asar na rufe shago na tahi fadar Kawu.

Na tarar gardama ta yi zafi. Surukin Kawu da ya zo daga Katsina shina ba da labarin Mamman, edita mai masana'antu, Kawu kuwa ya kafe wai ai namu ne na Yamai, har kaso ya sha, baƙo ya ce wane kaso kuma Alhaji? Sai da shayi na biyu ya sauka aka gane kowa da nashi Mamman. Baƙo Mamman Daura yake nufi, wanda ya zama editan New Nigerian a Kaduna a 1969 bayan Adamu Ciroma, daga baya ya bar jarida ya shiga harkar masana'antu, su kamfanin kujeru da kafet na Kaduna, ɗan yayan Buhari ne amma ya girme shi. Kawu kuwa Maman Abou, Allah ya jiƙan shi, wanda ya kafa jaridar Le Républicain a 1991, mai babbar maɗaba'ar nan NIN.

Aka sha dariya, ni ma na yi. Sai baƙo ya aje kofi ya ce ai duk jirgi ɗaya ya kwaso su, ɗan jarida in ya ga kuɗi alƙalami ya bushe. Wallahi maganar ga ta tsaya mini a wuya. Na ce Baba ka yi mini haƙuri, ba haka ba ne. Maman Abou da dukiyarshi da komai aka kulle shi a 2003 saboda takardun kuɗin gwamnati da ya buga, aka sake kulle shi a 2006 shi da editan jaridarshi Oumarou Keïta. Mutum mai injina irin nashi da ya so sai ya yi shiru ya ci kwangilarshi lahiya lau, wa zai ce mishi don me? Ni a ganina injin ɗin ma shi ya ba shi baki, don jaridar da ake bugawa gidan wani, ran da mai gida ya ji tsoro ba ta fita, mu masu sana'ar takarda mun san wannan. Shi kuwa Mamman Daura jaridar hukuma ya riƙe, ma'aikaci ne a ciki, hanyarsu daban ce tun farko, kuma ban ga dalilin a haɗa su a yanke musu hukunci guda don suna ya zo ɗaya ba.

Baƙo bai musa ba, ya dai ce yaran yanzu akwai baki.

Hanyar gida raina ya ɓaci, ba da baƙo ba. Ga Maradi cike da alhazai, tireloli na ta wucewa ta Ɗan Issa, amma in ka ce a zuba kuɗi a takarda da tawada sai a dube ka kamar ka zautu. Maman Abou ya rasu 2020, yaran da ke zuwa kwafi wurina da yawansu ko sunanshi ba su taɓa ji ba.

Inna ta yi tuwon gero miyar kuka, kaɗan na ci.

Kawu ya ce akwai tsofaffin Républicain cikin akwatinshi, in zo Juma'a bayan an sauko masallaci.