Abin da wata ƙaramar Peugeot ta koya mini

Sana'ata gyaran waya ce a Yamai, kusa da kasuwar Katako. Ban taɓa taɓa motar roba da sunan aiki ba, sai ranar da wani dattijo, tsohon direba a hanyar Tawa zuwa Agadas, ya dire mini kwali a tebur. Ya ce, "Ɗana, hannunka ya saba da ƙananan abubuwa. Duba mini wannan."

Peugeot 405 T16 ce, kwaikwayon wadda Ari Vatanen ya ci tseren Paris-Dakar da ita a 1990. Ƙirar Tamiya ta Japan, ma'aunin 1/24, wato an rage girman ainihin motar sau 24, tsawonta bai cika taƙi ba. Irin waɗanda ake sayarwa gutsi-gutsi ne, mai saye ya haɗa da kansa. Wanda ya haɗa wannan kuwa, Allah ya yafe masa. Fentin ƙofa ya lafta mata, mai kauri kamar kunu, gam ya malale a gilashi, taya ɗaya na kallon gabas.

Na raina aikin, shi ya ja mini. Na ɗauko ruwan tsinka fenti na masu fentin mota, na jiƙa tsumma na goga a murfin injin. Fentin ya tashi, robar ma ta bi shi. Ta yi laushi kamar cingam, zanen babban yatsana ya zauna a kai daram. Sai daga baya na gane robar folistirin ce, wannan ruwan narkar da ita yake yi. Gam ɗinta ma haka yake aiki: narkar da gefe biyu yake su zama ɗaya, kamar walda. Shi ya sa ɓamɓara da ƙarfi ba ya haifar da komai sai karaya.

Daga nan na sauke girman kai. Gangar jikin na tsoma a man birki, kwana biyu, ina dubawa safe da yamma don in ta daɗe robar takan yi gautsi. Tsohon buroshin haƙori ya ƙarasa sauran. Gaɓoɓin da gam bai kama sosai ba, na jiƙa su da ruwa, na ƙulle a leda, suka kwana a firigon maƙwabcina mai sayar da ƙanƙara. Ruwan da ya shiga tsagi ya daskare ya buɗa su, reza ta raba ba gardama.

Gilashin ne ya ci mini rai. Sati guda ina gogawa da takardar yashi mafi laushi, sannan man goge haƙori a auduga, har na fara hango kujerun ciki. Da farin gam na kafintoci na mayar da shi, domin gam mai kamawa nan take tururinsa yakan bar farin hazo a gilashi.

Fenti kuma lokacin hunturu ne, ƙura ko'ina. Shafi siriri sau uku, kowane sai na kife kwano a kai har ya bushe. Lambobi da tambarin jikinta sun tafi da tsohon fentin, don haka rawaya zalla ta fito.

Duk tsawon aikin ina zagin mai haɗin farko a zuci. Da na juya ƙasan motar zan kankare, sai ga haruffa biyu an kwarzana da allura, a karkace. Na nuna wa dattijon. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce babban ɗansa ne, yana da shekara 11, a dare ɗaya ya haɗa ta da hasken fitilar ƙwai.

"Baba, in goge ko in bari?"

"Bar shi." Sai ya kai yatsa kan murfin injin, inda tabon nawa bai ɓace duka ba. "Wannan fa, na wa ne?"

Na ce nawa ne. Ya yi dariya, ya ce shi ma in bar shi, ya mayar da ita cikin kwalinta.