Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gidan Nasif

A makon jiya na tsaya a inda na samu aikin kafinta a tsohon garin Jidda, unguwar da ake kira Al-Balad. Hanyata ta zuwa aiki takan bi ta Kasuwar Alawi, inda gidan Nasif yake, wanda aka gina wa attajiri Umar Nasif daga 1872 zuwa 1881, a zamanin daular Usmaniyya.

Maziyarta sukan fara da labarin Sarki Abdul'aziz, wanda ya sauka a gidan bayan ya shiga Jidda a ƙarshen 1925, amma ni katakon gidan ne ya ɗauke mini hankali. An gina bangon da dutsen murjani na gaɓar Bahar Maliya, dutse mara ƙwari sosai, shi ya sa magina suka riƙa shimfiɗa katako a tsakanin sahun duwatsu domin ya raba nauyi, kada bango ya tsage. A jikinsa kuma aka kafa rawashin, manyan tagogin katakon nan da suke turowa bisa titi. Idan mutum ya matsa kusa, zai ga an haɗa siraran sanduna an bar ƙananan kafofi, ta yadda iska take ratsawa, rana ba ta shiga sai kaɗan, kuma wanda yake zaune a ciki yana ganin mai wucewa ba tare da an gan shi ba.

Jidda ba ta da daji, saboda haka katakon nan ta teku ya zo, yawanci daga Indiya da Jawa. Bishiyar darbejiya da take ƙofar gidan ma, ana cewa a da ita kaɗai ce a garin, har ana kwatance da ita. Wata rana maigidana ya iske ni na saki baki ina kallo, sai ya ce, "Yaro, in kana son sanin arzikin ɗan kasuwa a garin nan, ba sai ka tambayi kowa ba, ɗaga kai ka dubi tagarsa."

A ciki, matakalar tana da faɗi kuma ba ta da tsayin taki, har ana cewa raƙuma sukan hau da kaya zuwa sama. Daga baya Muhammad Nasif, jikan Umar, ya tara littattafai kimanin 16,000 a gidan, kuma a 2014 UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin da yake ɓata mini rai shi ne gyaran ganganci da na gani a wasu gidajen unguwar, inda aka yaɓe dutsen murjani da siminti maimakon farar ƙasa. Siminti yana tsare danshi a ciki, gishiri ya ci dutsen, katakon da yake tsakani ya ruɓe, alhali daga waje bangon yana nan sumul. A irin wannan gida aka fara ba ni gyaran taga ni kaɗai, kuma labarinsa zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.