Keken da zai kai ni dausayin Haɗejiya

A watan Janairu mai zuwa, idan Allah ya kai mu, mu takwas za mu tashi daga Kano a kan kekuna, mu bi ta Gezawa da Ringim da Gujungu har Haɗejiya, daga nan kuma mu sauka daga kwalta mu shiga ƙauyukan dausayi ta wajen Baturiya. Manufar tafiyar ita ce tara kuɗin gyara wasu rijiyoyin burtsatse da suka daɗe a lalace, domin 'yan uwa da abokan arziki sun yi alkawarin ba da wani abu a kan kowace kilomita da muka taka. Ke nan idan kekena ya mutu a hanya, gudummawar da aka ɗora a kaina ita ma ta tsaya a nan, shi ya sa zaɓen keke ya ci mini fiye da wata biyu.

Da kuskure na fara. Na shiga kasuwa na ga wani keke mai sheƙi, da sifirin a gaba da wani a ƙarƙashin sirdi, mai shagon kuma ya tabbatar mini cewa domin duwatsu aka ƙera shi. Ranar Asabar ta farko da na fitar da shi hanyar burji mai gargada, sai na lura duk lokacin da na danna feda sifirin na baya yana lotsawa yana shanye ƙarfina, ga nauyi kamar na ɗauko buhun gero. Kafin in cika kilomita 30 waya biyu ta tsinke a ƙafar baya, gargaren ya karkace yana gogar birki, na dawo gida ina tura shi. Washegari na mayar da shi da ragin da har yanzu ba na son tunawa.

Daga nan na je wurin dattijon da ke gyaran keke a bakin titin unguwarmu, wanda tun ina firamare yake yi mini faci. Ya saurare ni yana goge wani tib da guntun fayil, bai ɗago ba sai da na gama. Sai ya ce, "Ɗana, a can inda za ku, wa zai gyara maka shi?" Na ce, "Baba, ai za mu tafi da kayan gyara." Ya yi dariya ya ce kayan da zan iya ɗauka ba za su wuce cikin jaka ɗaya ba, sauran kuwa sai abin da na tarar a rumfar mai faci ranar kasuwar ƙauye. Da wannan tambaya tasa na auna duk keken da na duba bayan haka.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne keken iyayenmu, wato Raleigh na Nottingham ta Ingila, ko Phoenix na Shanghai wanda ya gaje shi a kasuwanninmu. Babu ƙauyen da za ka rasa tayarsa mai inci 28, ko sarƙarsa, ko boris ɗinsa, kuma kowa ya ga yadda yake ɗaukar jarkokin ruwa da daman itace shekara da shekaru. Irin wannan tunani ne ya sa ƙungiyar agaji ta World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta ƙera kekenta na Buffalo da ƙarfe mai kauri da kariyar ɗora kaya mai ɗaukar kilo 100, ba tare da tarkacen da zai gagari bakaniken ƙauye ba. Sai dai keken dako daban, keken doguwar tafiya daban. Phoenix giya ɗaya gare shi, birkinsa na sanda ba ya kamawa sosai idan gargare ya ɗan karkace, tayarsa kuma ba ta da faɗin da za ta hau kan yashi. Wanda zai yi kilomita 70 a yini, kwana biyar a jere, yana fuskantar iskar hunturu da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, wato daidai inda muka dosa, gwiwoyinsa ba za su yafe masa giya ɗaya ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne keken hawan dutse na gwanjo, tsohon yayi, mai firam na ƙarfe da taya inci 26, ba shi da sifirin ko ɗaya. Na zaɓi ƙarfe duk da ya fi alminiyam nauyi, saboda idan ya tsage mai walda na kowace tasha zai iya liƙe shi har a ƙarasa tafiya, alhali waldar alminiyam sai an nemi mai injinta a birni. Kekunan zamani sun koma inci 27.5 da 29, kuma gaskiya ne babbar taya ta fi haye ramuka cikin sauƙi, amma kekunan gwanjo da suka cika garuruwanmu sun sa taya da tib na inci 26 sun fi samuwa nesa ba kusa ba. Na kuma ƙirga wayoyin kowace ƙafa da yatsa na tabbatar 36 ne, domin ƙafa mai wayoyi da yawa ta fi jure kaya da gargada, kuma idan guda ta tsinke sauran suna riƙe gargaren.

A kan taya na fi kashe kuɗi, kuma a nan ne nake ganin yawancin mutane ke yin sakaci. Ƙasar da za mu ratsa ƙasar ƙaya ce: ga tsidau shimfiɗe a gefen hanya, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa da iska ke zubarwa, waɗanda ke huda siririyar taya kamar allura a tsumma. Na sa taya mai faɗin inci 2.1 mai kaurin baya, wadda idan an iso yashi za a rage mata iska kaɗan ta baje ta hau kai, in an koma ƙasa mai tauri a ƙara mata. Wani daga cikinmu ya dage sai mu koma taya marar tib, wadda ake zuba wa ruwan da ke toshe huda da kansa. Dabara ce mai kyau a kan ƙaya, amma ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni a zafinmu, kuma idan dutse ya yanka gefen tayar dole dai a koma ga tib. Akwai kuma wani ƙaramin abu da Baba ya nuna mini, wato bawul. Kekunan tsere suna zuwa da siririn bawul wanda bakin famfon masu faci ba ya kamawa, don haka na tabbatar nawa irin na mota da babur ne.

Giyar keken uku ce a gaba, bakwai a baya, ta kamfanin Shimano. Sarƙar da ke aiki da giya 6 ko 7 ko 8 kusan faɗinsu ɗaya, ana samunta a ko'ina, saɓanin siririyar sarƙar giya 11 ko 12 da sai an yi odarta. Birkin na waya ne mai matse gargare da roba; birkin faifai mai aiki da mai ya fi shi kamawa, amma idan bututunsa ya fashe a bayan Haɗejiya magana ta ƙare. Game da man sarƙa, ƙurar hunturu tana haɗuwa da shi ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, saboda haka ɗigo kaɗan ake sawa a goge saura da tsumma kowace yamma.

Saura batun jikin mahayi, wanda babu mai gyaran da zai yi maka shi. Na tsaya da keken a tsakanin ƙafafuna na ga akwai tazarar yatsu uku tsakanina da sandar sama, sannan na ɗaga sirdi har ya zama idan na ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafata ta miƙe sosai. Yawancinmu mun saba da sirdi a ƙasa domin mu riƙa dafa ƙasa da ƙafa a cunkoson gari, kuma wannan sabo shi ke kawo ciwon gwiwa a rana ta biyu. Sirdi mai laushi kamar katifa ma yaudara ce, domin bayan sa'a uku shi ke fara gurzar cinya. Na sauya shi da matsakaici mai ɗan tauri.

Makon jiya na ɗaura wa kariya jaka mai tib biyu, da kayan faci, da famfo, da wayoyi shida, da ruwa lita huɗu, na koma hanyar burjin nan da ta kashe keken farko. Na yi kilomita 62, faci ɗaya, shi ma ƙusa ce na taka a bakin gari. Da na biya wurin Baba da yamma, sai ya ɗaga ƙafar baya ya juya ta, ya kanga babban yatsansa a gefen gargaren yana sauraro, ya ɗaure waya ɗaya da ta saki, ya ce in dawo masa da shi mako guda kafin mu tashi ya sake wa boris ɗin giris.